Riba, lanho da gida: sharhi a kan kalmomin binciken tattalin arziki a Nijar

1. Mafari

Daga shekarar 2010 zuwa yau Nijar ta zama gonar bincike ga masana tattalin arziki. A fannoni uku kawai, wato bankin Musulunci, haraji, da tallafin da ake bai wa gidaje, abin da aka wallafa ya fi ƙarfin karatun ɗalibi ɗaya a shekara ɗaya. Wasu daga cikin ayyukan sun fito a manyan mujallu, har da Nature a 2022, kuma da su ake kafa hujja in za a ware miliyoyin kuɗi ko a hana. Ni ba masanin tattalin arziki ba ne, ba kuma zan sa baki a lissafinsu ba. Abokan aikinmu na wancan sashe sun fi ni sanin inda yake da ƙarfi da inda ya yi rauni. Iyakata kalmomi.

Kowace lamba da muke gani cikin jadawalin irin waɗannan ayyuka amsa ce da wani mutum ya bayar, a zaure ko a tsakar gida, ga tambayar da aka yi masa da Hausa ko da Zabarmanci. Galibi an tsara tambayar da Ingilishi, an mai da ita Faransanci a Yamai, sannan wani saurayi ko wata budurwa mai takardar jami'a ya juya ta Hausa gaban mai amsa. Sau biyu ke nan tambaya ta sake harshe kafin ta isa kunne, amsa kuma ta sake sau biyu kafin ta koma. Mujalla tana nuna mana matakin farko da na ƙarshe. Na tsakiya, inda ainihin maganar ta gudana, ba ya fitowa.

Shekarun baya wani furoje ya ɗauke ni aikin kwana uku, in duba fassarar tambayoyinsa kafin a tura masu tambaya karkara. Na tarar babu fassara a rubuce. Takardar Faransanci ce a hannun kowa, an kuma ce kowa ya juya ta da baki in ya je. A zaman gwaji, tambaya ɗaya mai kalmar « crédit » ta fito ta hanya huɗu daga bakin mutum shida: wani ya ce bashi, wani rance, wani lamuni, sauran suka bar kalmar yadda take. Duk Bahaushe ya san waɗannan ba abu ɗaya ba ne. Amma a jadawali layi ɗaya za su hau.

2. Riba da ruwa

Hujjar da ake yawan kafawa a kan buƙatar bankin Musulunci a ƙasarmu ta fito ne daga binciken Global Findex na Bankin Duniya, wanda ake yi wa kimanin mutum 1000 a kowace ƙasa. A zagayen 2011 an samu cewa manyan da ke da ajiya a banki a Nijar ba su kai kashi 2 cikin ɗari ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na marasa ajiya sun ambaci addini cikin dalilansu, abin da ya sa Nijar ta shiga sahun gaba a duniya ta wannan fuska. A 2017 masu ajiya sun kai kusan kashi 16, har da masu ajiyar wayar salula. Lambar nan ta kashi ɗaya cikin huɗu ta yi yawo cikin rahotanni da kundayen ɗalibai har ta zama kamar karatun allo.

Abu biyu ya kamata a riƙa faɗa tare da ita. Na farko, an bar mai amsa ya zaɓi dalili fiye da ɗaya, kuma ana karanta masa dalilan ne ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ba shi da abin ajiyewa, baƙo ya tambaye shi gaban maƙwabta ko addini na cikin abin da ya hana shi shiga banki, amsar da ta fi kare masa mutunci sananniya ce. Na biyu, kalmar « compte » kanta. In an ce asusu, mace a jihar Maraɗi tana iya fahimtar akwatin ƙungiyarsu ta mako-mako, domin shi ta sani da wannan suna tun kafin rediyo ya ara wa banki kalmar.

Amma babban tarkon yana cikin kalmar riba. A duba waɗannan jimloli:

(1) Ya kai gero kasuwa ya ci riba.
(2) Malam ya ce cin riba haramun ne.
(3) Bankin nan ba ya cin riba.

A rubuce kalma ɗaya ce. A baki biyu ce. Ta (1) wasalinta na farko dogo ne, riiba, kuma ana danganta ta da Larabci ribh, daga saiwar r-b-h, wato abin da ciniki ya haifa. Ta (2) wasalinta gajere ne, daga Larabci ribaa, saiwar r-b-w, ƙarin da shari'a ta hana. Littattafan yaƙi da jahilci da aka buga a nan bayan taron Bamako na 1966 suna ninka dogon wasali, don haka da sun raba su. Daidaitawar da aka yi da Nijeriya a taron Yamai na 1980, da ƙa'idar rubutu ta 1999, sun bar tsawon wasali ga mai karatu. Ba na kukan wannan zaɓi, yana da dalilansa. Amma sakamakonsa shi ne jimla ta (3), in mai tambaya ya karanta ta cikin gaggawa da dogon wasali, tana shaida wa ɗan kasuwa cewa bankin ba ya samun komai a cinikinsa. Wane ne zai kai dukiyarsa wurin wanda ba ya cin riiba?

Jama'a sun daɗe da kauce wa wannan ruɗu: sukan ce ruwa, kuɗin ruwa, bashi da ruwa. Sai dai nan ma ma'aunai uku ne ke karo da juna, kuma masu bincike kan ɗauka ɗaya ne. Faransanci ya raba « intérêt » da « usure » bisa yawan ƙarin. Haka dokar ƙasashen UEMOA take, inda a 2014 aka soma aiki da iyakar kashi 15 cikin ɗari a shekara ga bankuna da 24 ga ƙananan asusun bashi. Abin da ke ƙasa da iyaka halal ne ga doka. Fiƙihu bai duba yawa ba, siffar yarjejeniya yake dubawa, har ya shigar da musanyar gero da gero in mudu bai yi daidai ba, abin da babu wani masanin tattalin arziki da zai kira « intérêt ». Hausa kuwa ta raba al'amarin bisa abin da aka bayar da kuma wanda aka ba. Aro, abin da ka karɓa shi za ka mayar, kamar galma ko tabarma. Rance, kwatankwacinsa za ka mayar ba ƙari, kuma tsakanin mutanen da ke da kunyar juna ake yin sa. Bashi ya fi faɗi, har da kayan da aka ɗauka a kanti sai wata ya ƙare. Falle, wanda Polly Hill ta bayyana a aikinta na Batagarawa (1972), hatsi ne ko kuɗi da ake karɓa da damina a biya da hatsi da kaka, kuma ƙarin da ke cikinsa ya ninka na kowane banki. Ga jingina. Ga kuma biki, wanda Guy Nicolas ya daɗe yana nazari a Maraɗi: mace ta kai wa ƙawarta jika 1 ranar suna, ranar nata sunan a kawo mata jika 2. Ƙari ne a fili, an kuma san da shi tun ranar bayarwa, amma ban taɓa jin wadda ta kira shi ruwa ba.

Misalin da ya fi ba ni tunani shi ne na Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991, wanda daga baya aka kwaikwaya a ƙasashe da dama. Matan kan ba junansu bashi daga akwati, a mayar da ƙarin da galibi yakan kai kashi 10 cikin ɗari a wata. In an lissafa a shekara, ya wuce iyakar doka nesa ba kusa ba. Matan nan masu salla ne da azumi, da yawansu kuma su ne za su ce addini ya hana su banki. Ba munafunci ba ne. A ganinsu ƙarin ya koma akwati, akwati kuma nasu ne, ranar fashi kowa za ta ɗauki kasonta. Ko malamai sun yarda da wannan fahimta wata magana ce dabam, an kuma yi ta jayayya a kai. Abin da ya shafe mu shi ne tambaya ɗaya mai amsar i ko a'a ba ta iya ɗaukar wannan bambanci.

Tarihi ma yana ja da waccan lamba. Bankin Musulunci ba baƙo ba ne a Nijar. Bayan gwajin Mit Ghamr a Masar a 1963, da kafa Bankin Raya Ƙasashen Musulmi a Jidda a 1975, rukunin Dar al-Maal al-Islami ya buɗe bankuna a Nijar da Gine da Senegal tun 1983. Na Yamai, Masraf Faisal, shi ne ya koma BINCI, daga baya BIN. Babban bankin BCEAO bai fitar da ƙa'idoji na musamman ga wannan fanni ba sai a 2018, amma ƙofar a buɗe take fiye da shekara 40. In da addini ne kaɗai makullin, da mun ga cincirindo. Demirgüç-Kunt da Klapper da Randall (2013), waɗanda su ne ma'abota lambobin Findex, sun fi masu ambatonsu taka-tsantsan: a ƙasashe biyar na Larabawa sun tarar mutane da yawa na cewa sun fi son bashin da ya dace da shari'a ko da ya fi tsada, amma masu amfani da shi ƴan kaɗan ne ƙwarai. Gwajin da Karlan da Osman da Shammout suka yi a Jodan ya fi gamsar da ni, domin aiki ya auna, bai tsaya ga faɗa ba: da aka tallata bashi da siffar shari'a, masu nema sun tashi daga kashi 18 zuwa 22. Ƙari ne na gaske, amma bai kai yadda ake kururutawa ba.

Akwai wani reshe na binciken da ke tambayar ko bankin Musulunci ya bambanta da sauran a aikace. Chong da Liu (2009) sun nuna cewa a Maleshiya rabon riba da asara ɗan ƙaramin kaso ne na aikin bankunan, kuma abin da suke ba masu ajiya yana bin sawun kuɗin ruwan sauran bankuna. Beck da abokansa (2013), a ƙasashe 22 tsakanin 1995 da 2009, sun ga bambancin tsarin kasuwanci bai taka kara ya karya ba, ko da yake bankunan Musulunci sun fi jari mai kauri. Mahmoud El-Gamal (2006) ya fi su zafi, yana ganin yawancin aikin sauya wa bashi riga ne. Ba ni da ja a kan lambobinsu. Abin da na lura shi ne duk suna auna bankin da ma'aunin littafi, wato mudaraba da musharaka, suna ɗaukar murabaha a matsayin koma-baya. Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram ba haka zai gani ba. Murabaha, wadda saiwarta ɗaya da riiba mai dogon wasali, ita ce abin da yake yi kullum: ya sayi kaya, ya sayar bashi a kan farashin da ya ɗara na hannu da hannu. Mudaraba kuwa, wadda Risala da Muhtasar ke kira ƙiradi, ya san ta a wurin ubangida da ke ba yaronsa jari su raba abin da aka samu, kamar yadda Emmanuel Grégoire ya kwatanta a littafinsa kan alhazan Maraɗi (1986). Bai taɓa tsammanin samun ta wurin banki ba, domin tana buƙatar sanin asali da amana da banki ba shi da hanyar samu. Takardun talla da ke jera kalmomin Larabci ba fassara suna ɓoye wa mutane cewa sun riga sun san abin da ake sayar musu.

3. Lanho

A kan haraji zan taƙaita, domin binciken da aka yi a karkararmu bai kai na sauran fannonin biyu yawa ba. Damuwar masana sananniya ce: ƙungiyar UEMOA ta sa wa ƙasashenta burin tara harajin da ya kai kashi 20 cikin ɗari na arzikin ƙasa, Nijar kuwa ba ta kai ba. Daga nan sai a shiga neman abin da ake kira « civisme fiscal », a tambayi mutane ko suna biyan haraji, ko sun yarda hukuma na da ikon karɓa.

Wane haraji? Faransanci na da « impôt » da « taxe », masanin kuɗi kuma yana haɗa su duka a jaka ɗaya. A ƙauye kalmar da ke zuwa baki ita ce lanho, daga « l'impôt » tare da harafin ma'arifa da ya manne mata, ko bodo a bakin tsofaffi. Ma'anarta ƙunƙuntacciya ce: kuɗin kai da maigari ke tarawa gida-gida. Gwamnatin Seyni Kountché ta soke harajin kai na ƙasa a ƙarshen shekarun 1970, lokacin kuɗin uraniyom, amma na gunduma ya ci gaba, ya kuma koma hannun kwaminoni bayan zaɓen 2004. Sunan bai sake ba. Jangali na dabbobi ne, fatanti na mai shago, duwan na mai ƙetare iyaka. Mace mai sayar da ƙosai da ke yankar tikiti kowace ranar kasuwa, in an tambaye ta ko tana biyan lanho, za ta ce a'a, wannan na maigida ne. Gaskiya ta faɗa, jadawali kuma ya rubuta ta cikin marasa biya.

Harajin da ya fi shiga aljihun kowa, wato TVA, ba shi da suna a bakin jama'a ko kaɗan. Da dokar kuɗi ta 2005 ta ɗora kashi 19 cikin ɗari a kan madara da sukari da garin alkama da ruwa da lantarki, har birane suka rufe kasuwanni a watannin Maris da Afrilu, gwamnati ta ja da baya, sunan da ƙawancen masu zanga-zangar ya ɗauka na yaƙi da tsadar rayuwa ne. Tsada mutane suka gani, da sunan tsada suka fito.

Aikatau ma na da abin faɗa. Haraji ana aza shi ko a ɗora shi, a karɓa, a biya. Zakka kuwa fitar da ita ake yi, kamar abin da tun asali ba naka ba ne, yana zaune ne kawai cikin rumbunka. Masu ba da shawarar a shigar da zakka cikin tsarin kuɗin gwamnati ya kamata su tsaya kan wannan bambanci, domin tsoho ne: Shehu Usmanu a Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin zaluncin sarakunan Hausa, ya ware su daga abin da shari'a ta wajabta. Haka kuma abin da Olken da Singhal (2011) suka kira harajin da ba na hukuma ba, wato gudummawar kuɗi ko ta ƙarfi don gina makaranta ko gyaran hanya, wanda suka nuna a ƙasashe 10 cewa ya fi nauyi a kan marasa hali. Sakamakon na da amfani. Amma a Hausa gayya dabam, karo-karo dabam, aikin tilas da aka soke a 1946 dabam, kuma wanda ya ga ajujuwan da Samariya ta gina zai shaida cewa aiki ɗaya kan iya zama gayya ga wani, tilas ga wani.

4. Gida

Nan ne kuskuren kalma ke komawa kuɗi a hannun wani, ya tsallake wani.

Duk binciken tallafi a kan « ménage » aka gina shi: mutanen da ke kwana wuri ɗaya, suna ci tare, suna ƙarƙashin shugaba ɗaya. Sharuɗɗa uku ne, kuma a ƙasar Hausa ba lalle su haɗu kan mutane ɗaya ba. Gida shi ne duk abin da danga ko katanga ta kewaye, yana iya ɗaukar magidanta huɗu. Gandu ƙungiyar noma ce, uba da ƴaƴansa ko wa da ƙannensa, kuma kusa da shi akwai gamana, gonar da mace ko saurayi ke nomawa don kansa. Iyali waɗanda ciyarwarsu ke wuyan mutum ne, ko da wasu na Agadas ko Legas. Tukunya ita ce ta fi kusa da sharaɗin ci tare, amma tukunya na haɗuwa da damina ta rabu da rani, lokacin da maigida ya rufe rumbun gandu ya tafi cin rani, kowace mace ta koma kan abin da ta noma. Ɗaki kuma, a gidan mai mata biyu ko uku, shi ne mace da ƴaƴanta, kuma a nan ne ake sanin yaron da ya ƙoshi da wanda bai ƙoshi ba. Claude Raynaut ya nuna tun farkon shekarun 1970, a wani ƙauye kusa da Maraɗi, cewa kuɗi na yawo tsakanin miji da mata ta hanyar saye da sayarwa da bashi, aljihunsu ba ɗaya ba ne. Rabin ƙarni ke nan, amma takardar tambayoyi har yanzu aljihu ɗaya take nema.

Masana tattalin arziki da kansu sun gwada abin. Beaman da Dillon (2012) sun rarraba ma'anoni huɗu na « ménage » a ƙauyukan Mali ta hanyar ƙuri'a, suka tarar ƙara kalma ɗaya ko biyu cikin ma'anar na sauya yawan mutanen da ake lissafawa da irinsu, har ya taɓa ƙididdigar dukiya da ta abinci. Wannan aiki ya cancanci yabo, kuma ya isa ya sa kowa ya yi hattara. Tun da talauci ana auna shi ne da abin da aka ci a raba da yawan kawuna, duk abin da ya motsa yawan kawuna ya motsa layin talauci.

Shirin tallafi na ƙasa da aka soma a 2011 da kuɗin Bankin Duniya ya riƙa ba mace ɗaya a kowane gida da aka zaɓa jika 10 a wata har wata 24. A gidan da ke da ɗaki uku, ɗaki ɗaya ne ya karɓa da sunan duka. Binciken LASDEL da Olivier de Sardan ya jagoranta (2014) ya bayyana abin da ya biyo bayan irin waɗannan rabe-rabe a ƙauyuka da dama: mata na miƙa wa maza kuɗin da zarar masu furoje sun juya baya, wani wuri a tattara a sake rabawa ga gari duka, ga kuma zargi da ke bin duk wanda ya sa hannu a zaɓe. Aikin Jenny Aker da abokanta (2016) a ƙauyuka 96 na jihar Tawa, bayan farin 2009 zuwa 2010, ya taɓo wannan ta wata fuska. An ba mata kusan jika 22 a wata har wata 5, wasu a hannu, wasu ta wayar salula. Gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, yaransu sun fi samun ci. Cikin dalilan da marubutan suka kawo har da cewa kuɗin waya ba ya zuwa a bainar jama'a, mace na da sararin yin shawara kafin kowa ya sani. Ni a ganina wannan shi ne sakamako mafi muhimmanci a aikin, kuma yana rushe ma'aunin da aka yi aikin da shi: in sirri tsakanin mutanen gida ɗaya na sauya abin da yara ke ci, to gidan ba aljihu ɗaya ba ne.

Sai kalmar wanda za a ba. « Pauvre » da « vulnérable » sukan zama talaka a bakin mai fassara. Talaka kuwa a asalinsa kishiyar mai sarauta ne. Mai shanu hamsin talaka ne gaban sarki. In an tara gari aka ce talakawa za a taimaka wa, kowa ya ji da shi ake, ban da maigari. Matalauci, mabuƙaci, miskini, gajiyayye, marar ƙarfi, kowace na da iyakarta, wasu kuma mutum ba zai yarda a kira shi da su gaban surukansa ba ko da ya kwana uku bai ɗora tukunya ba. Premand da Schnitzer (2021) sun gwada hanyoyin zaɓe uku a Nijar: biyu na lissafi bisa amsoshin gida, ɗaya na kwamitin mutanen gari. Sun tarar lissafin dukiya ya fi gano masu ƙarancin abin masarufi, kuma, abin da ya ba mutane da yawa mamaki, jama'a sun fi amincewa da zaɓen lissafi a kan na kwamitinsu. Ina da ƙarin fassara da harshe ke bayarwa. Abin da furoje ke yi sunansa rabo, kuma kalmar nan ɗaya ita ce ta abin da Allah ya ƙaddara wa mutum. Wanda na'ura ta tsallake zai ce ba rabonsa ba ne, magana ta ƙare. Wanda kwamiti ya tsallake ya san sunan wanda ya tsallake shi, da gidansu, da tsohuwar rigimar gona da ke tsakaninsu. Amincewar da aka auna tana iya zama haƙuri da ƙaddara, wanda ba ɗaya yake da yarda da adalcin lissafi ba. Sanin wanne ne daga ciki sai an ji kalmar da aka yi tambayar da ita.

Tallafi ma kalma ce mai ɗaukar kaya biyu, kuɗin da aka ba ka a hannu da rangwamen da aka yi maka a farashi, kamar hatsin da OPVN ke sayarwa da rahusa lokacin ƙunci. Na biyun mutane ba su cika lissafa shi cikin abin da suka samu ba. Shekara da shekaru gidajen Maraɗi da Damagaram da Ƙonni sun yi ta sayen man ruwa-ruwa a kwalba bakin hanya, mai arha saboda a lokacin baitulmalin Nijeriya ne ke biyan cikon. Da Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin kabu-kabu da na niƙa suka tashi a wannan gefen iyaka. Tallafi ne da ya shiga gidajen Nijar shekaru masu yawa, daga gwamnatin wata ƙasa, kuma babu magidancin da zai ambace shi in an tambaye shi ko ya taɓa samun tallafi.

5. Abin da nake roƙo

Ba na cewa a yar da waɗannan ayyuka. Da su da babu, gara da su, kuma mafi kyawunsu, kamar na Beaman da Dillon, su ne suka ba ni sandar da nake dukan sauran. Roƙona ƙarami ne kuma ba shi da tsada. Duk binciken da aka yi da Hausa a rubuta tambayoyinsa da Hausa kafin a fita, a buga su a ƙarshen rahoto kusa da na Faransanci, yadda mai karatu zai ga ko bashi aka ce ko rance, gida ko tukunya. A takardar da mai tambaya zai riƙe a nuna tsawon wasali a kalmomin da ke da haɗari, ko da ƙa'idar rubutu ba ta tilasta ba. A kuma bambanta Hausar wuri da wuri, domin abin da Ba'adare ke nufi da kalma ba kullum ne ya yi daidai da na Badamagare ba.

Mu ma a sashenmu da laifinmu. Muna da kundaye masu yawa kan jinsi da jam'i da karin sauti, amma na kalmomin kuɗi da bashi da gado da awo ƴan kaɗan ne, shi ya sa in masanin tattalin arziki ya zo neman taimako ba mu da abin miƙa masa sai ƙamusun Bargery na 1934. Ɗalibin da ke neman batun kundi zai iya ɗaukar na'urar naɗar magana ya bi masu tambaya na mako biyu, da izininsu da na masu amsa, ya rubuta abin da aka faɗa kalma da kalma, ya jera shi kusa da takardar Faransanci da kuma lambar da aka shigar. Tambayoyi goma sun isa, muddin akwai ta « crédit » da ta « ménage » a cikinsu.